Oshi no Ko: da gaske haka ake yi wa ƴan matan nan a Japan, ko ƙarin gishiri ne?

ɗanBirni

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masu kallon anime ina da tambaya. Ƙanwata tana katiriyem, shekararta 14, ƙawarta ta tura mata wani anime ta Xender wai shi Oshi no Ko, hoton da ke kai wata yarinya ce mai taurari a cikin ido tana rawa da kaya masu kala, duk wanda ya gani zai ce desanime na yara ne. To na karɓi wayar na kalli episod na farko a fada, abin ya kusa awa ɗaya da rabi sai ka ce fim, wallahi har shayina ya huce ban sani ba.

Wanda bai kalla ba kuma baya so a ɓata mai ya tsallake nan. Yarinyar sunanta Ai, mawaƙiya ce irin waɗanda suke ce ma aidol, shekara 16 ta yi ciki, tagwaye, kamfaninta ya ɓoye ya ce wai bata da lafiya, ta je wani asibitin ƙauye ta haihu a asirce, ta dawo tana murmushi tana ce ma masoyanta ina sonku ina sonku alhali da ƴaƴa biyu a ɗaki. Tana shekara 20, ranar da zata yi babban konser ɗinta a Tokyo Dome, wani masoyinta ya ƙwanƙwasa ƙofa da fure a hannu ya soka mata wuƙa gaban ɗanta, wai ta ci amanarsu tunda ta haihu.

Tambayata biyu ce. Da gaske akwai mutanen da zasu ga mawaƙiya ta ci amanarsu don ta yi saurayi ko ta haihu, har kamfani ya hana ta soyayya a rubuce, ko mai labarin ne ya ƙara gishiri? Na biyu in bar yarinyar nan ta ci gaba da kallo ko in goge? Don in tsoho ya gani ni zai fara tambaya ba ita ba.

ƴarZango

Wa alaikumus salam yaya ɗanBirni. Gishirin da aka sa ma kaɗan ne wallahi, in ka bi labaran gaske sai ka ga anime ɗin ya yi musu sutura.

Abin da zaka fara ganewa shine aidol ba muryarta ake saye ba, da yawansu ma basu fi kowa iya waƙa ko rawa ba kuma ba a damu ba. Abin da kamfani yake sayarwa shine mai kallo ya ji a ransa yarinyar nan tasa ce, shi ya raino ta tun tana ƙarama bata iya komai ba har ta kai inda ta kai. Ka ɗauki AKB48, ƙungiyar da Yasushi Akimoto ya kafa a 2005 a unguwar Akihabara, takensu ma shine aidol ɗin da zaka iya zuwa ka gani ido da ido. Dabarar tasu: cikin faifan CD ake sa tikitin gaisawa, ka sayi faifai ɗaya ka shiga layi ka riƙe hannunta na ƴan daƙiƙu sai ma'aikaci ya janye ka, kana son ƙarin lokaci sai ka ƙara sayen faifai. Sannan daga 2009 zuwa 2018 duk shekara suna zaɓe, takardar ƙuri'a ita ma tana cikin faifan, wadda ta ci ita ce a tsakiyar waƙa ta gaba, sai ka ga mutum ɗaya ya sayi kwali kwali na faifai iri ɗaya ya zare takardun ya jibge sauran. To mutumin da ya zuba albashinsa haka shekara da shekaru, ranar da ya ji tana da saurayi ji yake kamar wanda ya gama kai lefe sannan aka ɗaura da wani, alhali ita ko sunansa bata riƙe ba.

Shi yasa dokar hana soyayya. A farkon 2013 wata jarida mai tonon asiri, Shukan Bunshun, ta buga hoton Minami Minegishi ta AKB48 tana fitowa daga gidan wani saurayi ɗan wata ƙungiyar mawaƙa. Shekararta 20 fa, bata yi sata ba bata kashe kowa ba. Ta aske kanta ƙwal, ta fito a bidiyo a YouTube na ƙungiyar tana kuka tana roƙon gafara, aka mayar da ita matakin masu koyo. Har yau in na tuna hoton nan raina ɓaci yake. Kuma har kotu abin ya je, a 2015 wata kotu a Tokyo ta ce wata tsohuwar aidol mai shekara 17 ta biya kamfaninta yen 650,000 don ta karya sharaɗin, sai a farkon 2016 wani alƙalin a wata shari'ar daban ya ce a'a, hana mutum soyayya tauye haƙƙinsa ne.

Zancen wuƙa kuma ba ƙirƙira bane. 2014 a Iwate wani ya shigo wajen gaisawar AKB48 da zarto ya ji ma biyu daga cikinsu ciwo, Rina Kawaei da Anna Iriyama, da wani ma'aikaci. 2016 Mayu Tomita, ɗaliba ce tana waƙa, wani ya aiko mata kyauta ta mayar mai, ya dinga mata barazana a Twitter, ta kai ƙara wajen ƴan sanda ba a ɗauki abin da zafi ba, ya tare ta a Koganei ya sossoke ta gomman wurare, Allah ya yi da sauran kwana ta rayu, aka yanke mai shekara 14 da rabi a kaso. Wanda ya fi bani tsoro na 2019 ne, mutumin ya buɗe selfi ɗin wata aidol ya ƙara girma har ya hango tashar jirgin ƙasa a cikin ƙwayar idonta, ya nemo tashar a Google Street View, ya je ya jira ta ya bi ta har gida. Tun da na karanta wannan nake ma ƙawayena faɗa in sun ɗauki hoto a ƙofar gida da lambar mota da komai suna sawa a statu.

kabukabu_227

Hhhh ƴarZango kin zo da littafi gaba ɗaya. Ni dai abin da ya hana ni ci gaba shine zancen likitan nan mai duba cikin Ai da ya mutu aka sake haihuwarsa a matsayin ɗan Ai, da yarinyar da ta mutu da ciwon daji ita ma ta dawo ƴarta, jarirai suna magana suna danna waya, a'uzubillahi, wanda ya mutu ya mutu. Amma waƙar farkon nan ta YOASOBI ba ƙarya akwai daɗi, ita nake sawa in rana ta yi zafi ba fasinja. ɗanBirni ka goge kawai ka sa mata Naruto kowa ya huta, matsalar Japanawa ce mu namu ya ishe mu, ga kuran da ake ɗaukewa ga forfe da ke ƙarewa kafin ka gama episod ɗaya.

Mushe_na_Lise

Ƙanena ɗanBirni sannu da ƙoƙari, ba kowane wa ne zai zauna ya kalli abin da ƙanwarsa ke kallo ba, yawanci sai dai a fizge waya a yi ihu.

Malam kabukabu, zancen sake haihuwa ai duk mun san ba aƙidarmu bace, kuma yaran da nake koyarwa sun san haka sarai, sun kalli aljanu da masu tashi sama a fim ɗin Indiya fassarar Hausa ba wanda ya canja addini. Dabara ce marubucin, Aka Akasaka, ya yi don ya samu babban mutum a jikin yaro wanda zai ga harkar daga ciki. Amma inda ban yarda da kai ba shine wai matsalar Japanawa ce.

Ku je episod na 6. Ni a wajena nan ne zuciyar labarin, ya fi ma kisan Ai. Akwai wata yarinya Akane, ƴar wasan kwaikwayo ce mai ƙwazo da kunya, aka sa ta a shirin telebijin irin na samari da ƴan mata da ake cewa wai rayuwarsu ta gaskiya ake ɗauka. Ba a haska ta sosai, aka matsa mata ta yi wani abu da zai ja ido, garin haka ta kai hannu bisa kuskure farcenta ya yagi fuskar abokiyar aikinta. Nan take suka shirya su biyun har da runguma, amma masu montaj suka yanke shiryawar suka bar yagun, don shi ne zai kawo masu kallo. Sai intanet ta faɗo mata. Abin da anime ɗin ya iya shine nuna ta ita kaɗai a ɗaki cikin dare tana karanta komanter ɗaya bayan ɗaya, ta san yana mata ciwo amma ta kasa ajiye wayar, ta daina cin abinci, ta ba da haƙuri a fili zagin ya ƙaru, har ta kai ga hawa gada cikin ruwan sama zata faɗa, Aqua, namijin cikin tagwayen Ai, ya riƙo ta. Kuma masu zagin ba wasu dodanni aka zana ba, ƴan makaranta ne da ma'aikata, kowa ya rubuta layi ɗaya ya wuce harkarsa ya manta.

Wannan ya faru da mutum mai rai. Hana Kimura, ƴar kokawa, tana cikin shirin Terrace House na Fuji TV da Netflix, suka samu saɓani da wani abokin zama a kan kayan kokawarta da suka lalace a injin wanki, ta ture mai hula, shikenan. Aka yi ta zaginta ba dare ba rana, a watan Mayu 2020 ta kashe kanta tana shekara 22. Ɗaya daga cikin masu zagin da aka gurfanar tarar yen 9,000 aka ci shi, bai kai jika 50 ba a kuɗinmu. Surutun da ya biyo baya ne ya sa a 2022 Japan ta ƙara hukuncin cin mutunci ya kai ɗaurin shekara ɗaya ko tarar yen 300,000.

To yanzu ku buɗe Facebook ko TikTok ku shiga ƙarƙashin hoton kowace ƴar fim ɗin Hausa ku karanta. Mu ma fa muna kallonsu muna haddace waƙoƙinsu muna sawa a biki, amma ranar da ɗaya ta yi abin da bai mana ba sai a haɗa da uwarta da ubanta, wani ma har ya yanke mata makoma a lahira yana kwance a katifa. Kun tuna 2016 da MOPPAN, ƙungiyar masu shirya fim ɗin Hausa, ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙa da ClassiQ. Ban ce dalilinmu da na Japanawa ɗaya bane, mu maganar tarbiyya da addini muke kawowa su kuma maganar kuɗin da suka kashe, kuma nasiha tana da wurinta ban hana ba. Amma nasiha daban, mutum dubu su taru a kan yarinya ɗaya daban, kuma na lura namijin da ke cikin bidiyon ba ya shan rabin abin da macen ke sha, can da nan duka.

Game da ƙanwarka, in ka goge gobe ƙawarta zata sake tura mata, masu turi a kasuwar Dole ma suna da shi. Ni da zan ba da shawara sezon na farko ku kalla tare, episod 11 ne kawai, in kun zo na 6 ka tsaya ka ji me zata ce, zaka sha mamakin abin da ake yi a grup ɗin WhatsApp na ajinsu. Daga nan gaba kuma ka riƙa rigan ta kalla, don labarin yana ƙara nauyi, akwai zancen manya da ke lalata yara a harkar, akwai kuma wata alaƙa tsakanin tagwayen saboda rayuwarsu ta baya da ni kaina bata kwanta min ba.

ɗanBirni

Mushe na gode Allah ya ƙara girma. Na kalli na 6 yanzu, kai. Amma duk misalan nan mata ne, su mazan aidol ba abin da ke samunsu kenan?

ƴarZango

Yaya na maza ai shi ne ma babban abin kunyar ƙasar. Johnny Kitagawa, mai kamfanin Johnny & Associates, shi ya fito da manyan ƙungiyoyin samari irin SMAP da Arashi, shekaru da dama kusan ba tashar telebijin da zata iya yi ba tare da yaransa ba. Yara maza ƙanana da iyayensu suka kai da hannunsu don su zama taurari, ya dinga lalata da su shekara da shekaru. Kuma ba wai ba a sani ba, Shukan Bunshun ta buga tun 1999, ya kai su kotu, a 2003 babbar kotun Tokyo ta ce zancen lalatar gaskiya ne, amma manyan jaridu da tashoshi suka yi gum don kar a hana su mawaƙa. Ya mutu a 2019 yana shekara 87 aka yi mai bankwana irin na gwarzo. Sai da BBC ta fitar da shiri a kansa a Maris 2023, wata ɗaya kafin Oshi no Ko ya fara fita a telebijin, sannan mutane suka fara fitowa da fuskarsu, a Satumba kamfanin ya amsa, ƴar ƴar uwarsa Julie Fujishima ta sauka daga shugabanci, aka canja suna zuwa Smile-Up don biyan diyya, ɗaruruwan mutane suka kawo kansu.

Mushe ka manta wani abu a zancen Hana Kimura. Da episod na 6 ya fita mahaifiyarta Kyoko ta fito ta nuna ɓacin ranta, tana ganin an ɗauki abin da ya samu ƴarta an yi nishaɗi da shi ba a ko tuntuɓi iyalin ba. Ka san me wasu masoyan anime ɗin suka yi? Suka hau zaginta a intanet. Mutanen da suka gama kuka saboda Akane a satin nan.

tsohon_otaku

Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba amma bari in ɗan ɓata muku. Oshi no Ko yana da kyau, Doga Kobo, kamfanin da ya yi anime ɗin, sun zuba aiki, zanen Mengo Yokoyari a manga, wato littafin zanen da aka ɗauko labarin, ba magana, amma ku daina ɗaukarsa kamar wani mai fallasa. Shi ma a cikin kasuwar yake ci. Waƙar da kabukabu ke sawa a babur ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na duniya banda Amurka a 2023, karo na farko da waƙar Japananci ta yi haka, kuma me waƙar ke cewa, yarinya ce mai ƙarya da murmushi wadda ba wanda ya san cikinta, mu kuma muna rawa a kai a TikTok. Hoton Ai yana jikin riga da jaka da ƴar tsana ana sayarwa, wato an kashe ta a episod 1 an ci gaba da cin kuɗinta, daidai abin da labarin ke zargin kamfanoni da shi. Kuma da tafiya ta yi nisa sai ya koma Aqua yana neman ubansu don ɗaukar fansa da rigimar wa zai aura tsakanin Kana, wata ƴar wasan kwaikwayon, da Akane, har masu kallo suka rabu gida biyu suna zagin juna a kan ƴan matan zane. Manga ɗin ya ƙare a Nuwamba 2024 da littafi 16, ba zan faɗi ƙarshen ba amma ni bai gamsar da ni ba, sauri aka yi.

Abu ɗaya da na yaba mai shine Ai kanta. Ta taso a gidan marayu, uwarta ta shiga kaso saboda sata ta fito bata zo ɗaukarta ba, bata san yadda ake son mutum ba, shine take faɗin ina sonku a dandali da fatan wata rana ƙaryar ta zama gaskiya, kuma tana tsoron faɗa ma ƴaƴanta don kar ta tarar su ma ƙarya take musu. Wannan rubutu ne mai kyau. Da Kana, wadda aka yi yayinta tana ƙarama saboda ta iya kuka cikin daƙiƙa 10, da ta girma kowa ya watse har uwarta.

Amma mai son ganin abin ba sukari ya nemi Perfect Blue na Satoshi Kon, 1997, kamfanin Madhouse. Mima, aidol ɗin da labarin ke kanta, ta bar ƙungiyarta CHAM! zata koma wasan kwaikwayo, aka fara sa ta fitowar da bata so tana cewa to don kar a ce bata da godiya, sai ta tarar da wani shafi a intanet da ake rubuta abin da ta yi kullum da sunanta, har ƙafar da ta fara saukewa daga jirgi, kuma ba ita ke rubutawa ba. Lokacin fa intanet ɗin ma sai an koya mata yadda ake shiga. A hankali ita da kai mai kallo duk ku kasa bambance fim ɗin da take yi da mafarki da gaskiya. Minti 80 da ɗan wani abu, ba tagwaye ba fansa ba barkwanci. Kon ya rasu a 2010 yana shekara 46, fim huɗu kawai ya kammala. Sai dai gargaɗi, wannan na manya ne zalla, akwai tsiraici da fitowar fyaɗe da jini, kar wani ya ce ni na ce a kunna a tsakar gida.

kabukabu_227

To tsoho ka ce kar a kunna a gida kuma ka bamu sha'awa. Akwai mai sutitir na Faransanci? In akwai ka zo da shi a kati fadarmu ta Sabon Gari bayan isha'i, ni zan sayi sukari da ganye.

Mushe_na_Lise

Sezon na 2 na Oshi no Ko kar ku raina shi duk da tsohon_otaku zai ce an bar zancen aidol. Wasan dandali ne na Tokyo Blade, kuma rigimar da ke ciki tsakanin mai zanen manga da wanda aka ba ya mayar da shi wasa, saƙo yana bi ta hannun mutum biyar kafin ya isa, kowa ya rage wani abu don kar a ɓata ma wani, a ƙarshe marubucin ƙasa shi ke shan laifi. Duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin shugabanni da yawa zai gane kansa a ciki. tsohon_otaku in zaka kai ma su kabukabu katin ka biyo ta wajena in kwafa tukuna, nawa ya ɓata tun da tsohuwar kwamfutata ta mutu.